Fau: Wa zai koya wa yara zanen gini kafin a fara sake gina abin da yaƙi ya rushe?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Khartum ta ratsa Wad Madani ta nufi Gadarif da Kasala har bakin teku, ya san Fau, ko da kuwa shayi kawai ya tsaya ya sha a bakin titi. Gari ne da ke gindin wasu duwatsu da suka yi tsaye su kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗen fili, a yammacin Jihar Gadarif, kuma nan ne aka kafa hedikwatar shirin noman rani na Rahad, wanda aka fara nomawa a 1977 a kan fili mai faɗin fadan 300,000, wato kimanin hekta 126,000, domin noman auduga da gyaɗa. Ƙauyukan da aka yi wa manoman wannan shiri a takarda aka fara zana su, har ma lamba aka ba su maimakon suna, shi ya sa za ka ji ana cewa wane mutumin ƙauye na kaza ne. Injiniyoyi suka zana, manomi ya zo ya tarar. Wannan ɗabi'a ta a zana maka wurin zama ba tare da an ji ta bakinka ba, ita ce maƙasudin wannan rubutu namu.

Idan mai karatu bai manta ba, yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. A watan Disamba na wannan shekara RSF ta kama Wad Madani, sai dubban ɗaruruwan mutane suka fantsama, da yawansu suka biyo hanyar gabas ta Fau zuwa Gadarif da Kasala. Fau ya koma bakin daga, har zuwa watan Janairu na 2025 da sojoji suka ƙwace Wad Madani. A tsakanin nan makarantu da dama a gabashin ƙasar sun koma masaukin 'yan gudun hijira, aji guda ya ɗauki iyalai, an rataya zannuwa an raba shi ɗaki-ɗaki. Tun a watan Oktoba na 2023 hukumar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan.

Komai daɗewa za a yi gini, na ajujuwa da shaguna da gidaje da rumfunan kasuwa, kuma kuɗin 'yan kasuwa ne zai fi shiga ciki, ko ta hanyar gudummawa ko ta hanyar haraji. Tambayarmu ita ce, yaran da za su zauna a cikin waɗannan gine-gine shekara talatin ko arba'in masu zuwa, za a bari su sa hannu tun daga zane, ko kuwa za a sake ba su lamba?

Ƙasar da take numfashi

Wanda bai san ƙasar Gadarif ba zai ɗauka gini gini ne. Amma 'yan uwanmu masu zuwa Gamborun Ngala da Dikwa sun san irinta, domin ita ce baƙar lakar nan da Barebari ke kira firgi. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, ta riƙe tayar mota kamar danƙo, da rani kuma ta bushe ta tsuke, ta dare har mutum ya iya zura hannunsa a cikin tsagar. Wannan ƙasa ce ta mai da Gadarif rumbun dawa da riɗi na Sudan tun da aka shigo da noman tarakta a wajajen 1945, kuma ita ce dai take karya bangon siminti. Idan aka yi harsashi marar zurfi, gefen ginin da ruwan indararo ke jiƙawa sai ya ɗaga, tsakiyar da ta bushe ta zauna, bango ya tsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Alhaji ya kashe kuɗin riɗin shekara guda a kan shago, damina biyu ta mai da shi abin tausayi, ya yi ta zagin birkila, alhali ba laifin birkila ba ne shi kaɗai.

Mutanen wurin ba wawaye ba ne da suka daɗe suna zama a guɗɗiyya, wato zagayayyen ɗakin nan na itace da ciyawa mai kama da bukkarmu, da kuma rakuba, wadda mu muke kira rumfa. Gini ne marar nauyi, ƙasa ta motsa ya motsa tare da ita. Illarsa wuta da iska. A daminar 2021 guguwa ta yi ɓarna a tantunan sansanonin Um Rakuba da Tunaidba a wannan jiha ta Gadarif, inda aka sauke waɗanda suka gudo daga yaƙin Tigray na Habasha. Mu kuma a nan gida ba za mu manta da 2021 ba. A watan Afrilu wuta ta kama ajujuwan zana a Yamai ta kashe yara 20, sannan a watan Nuwamba irin wannan ta auku a Maraɗi, inda yara aƙalla 25 suka rasu, Allah Ya jiƙan su. Ajujuwan a manne suke da juna, mafita kuma ƙunci. Ba sai mutum ya je jami'a ba kafin ya gane cewa aji yana bukatar ƙofa biyu, kuma a bar tazara tsakanin zana da zana, amma sai an taɓa nuna masa ya kalli gini da idon tambaya.

Ilimin zanen gine-gine kuwa, yadda aka tsara shi a ƙasashenmu, sai a jami'a ake fara jin sunansa. Jami'ar Khartum ta buɗe sashensa tun wajajen 1957, a Nijeriya kuma Zariya ce uwa a wannan fanni. To yaro nawa ne daga ƙauyukan Rahad, ko daga Jibiya da Illela da Maigatari, yake kaiwa ƙofar jami'a? Sauran fa, waɗanda su ne za su zama birkiloli da kafintoci da masu walda da masu shago da matan gida, su ne fa za su yi kusan dukkan ginin da za a zauna a ciki.

Makarantar da muka baro a gida

Ba baƙon abu muke kira a shigo da shi ba. A ƙasar Hausa gini sana'a ce mai sarauta, akwai Sarkin Magina, kuma yaro tun bai balaga ba yake shiga. Da ɗebo ruwa yake farawa, ya koma cuɗa ƙasa da ƙafa, ya koyi mulmula tubali, sannan a bar shi ya riƙa jefa wa maigidansa tubalin a kan bango. Kafin a yarda ya jera azara, balle ya ɗaure bakan gizo, ya riga ya san ƙasa da tafin hannunsa, ya san wadda ke son ciyawa da wadda ke son yashi, ya san abin da makuba ke yi wa yaɓe. A irin wannan makaranta aka samu Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajajen 1830 zuwa 1840 da 'yan kai, ginin da masana daga Turai suke zuwa su auna suna mamaki.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, wannan makaranta tana da ƙofa mai ƙunci. Gado ce, ɗan magini ne ke zama magini, kuma 'ya mace ba ta hawa bango. Alhali kuwa mace ce ta fi kowa sanin gida. Ita ke yin daɓe, ita ta san inda hayaƙin murhu ke taruwa, da inda ruwan wanka ke kwanciya, da kusurwar da rana ke hana yara barcin azahar. A Sudan ma mata suna cikin masu yaɓen gida kafin damina, a ƙasar Nuba ta arewa kuma an san su da zanen ado a fuskar gidaje. Ana amfani da hannunsu, amma ba a tambayar ra'ayinsu lokacin da ake ja wa gida layi a ƙasa.

Akwai wani abu kuma da ya shafi Hausawan Sudan musamman. Kakanninsu da yawa a kan hanyar Makka suka yada zango, wasu kuma suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, daga baya suka bazu har Gadarif da gaɓar kogin Rahad. Wani masani mai suna Bawa Yamba, a littafin da ya fitar a 1995, ya bayyana yadda wasunsu, har jikoki, suke ɗaukar kansu matafiya da ba su kai ƙarshen tafiya ba, har abin ya shafi irin gidajen da suke ginawa. Ga kuma rikicin watan Yuli na 2022 a Jihar Nilul Azraƙ, wanda tushensa batun ƙasa da sarauta ne, ya jawo asarar rayuka da zanga-zangar Hausawa a Kasala da Gadarif da wasu garuruwa. Mutumin da ake yi wa gori a kan ƙasar da yake zaune, hannunsa ba ya saki wajen zuba harsashi. Shi ya sa muke ganin yaron Bahaushe da ya zauna a aji ɗaya da na Balarabe da na ɗan gudun hijirar Habasha ko Eritiriya, suka zana rumfar makarantarsu tare suka gina, ya samu wata shaidar zama ɗan gari wadda ba a ofis ake bayar da ita ba.

Yaama, Dandaji da Gando

Gani ya kori ji, kuma misalan ba su da nisa da kasuwanninmu. A ƙauyen Yaama da ke Jihar Tawa a Nijar, a 1962 jama'a suka ɗora wa wani manomi kuma magini, Falke Barmu, aikin masallacin Juma'a. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, masu tubali suka yi tubali, masu ɗauka suka ɗauka, mata suka ɗebo ruwa. A 1975 ya sake rufin da baka da ƙubba, daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta. A 1986 wannan masallaci na ƙasa ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine, wadda manyan masana na duniya suke nema.

A wannan jiha dai, a garin Dandaji, wata 'yar Nijar mai suna Mariam Issoufou Kamara, wadda ta fara da karatun kwamfuta kafin ta koma zanen gini a Amurka, ta kafa kamfani a Yamai a 2014 ta sa masa suna da Hausa, Masomi. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar asalin Iran, suka mai da tsohon masallacin garin da ya fara lalacewa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa wanda ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. Ba su kori tsofaffin magina ba, sai ma suka gayyato su cikin aikin, kowa ya ƙaru da ɗan uwansa. Wurin da a da maza ne kawai ke shiga don salla, ya zama inda 'yan makaranta maza da mata ke karatu. Abin da zai fi jan hankalin mai karatu shi ne kasuwar da ta zana wa garin a wannan shekarar: shaguna na bulon ƙasa a kewaye da tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwa a gindinta, da faya-fayan ƙarfe masu launi da aka ɗaga sama hawa-hawa suna ba da inuwa kamar rassa, iska tana wucewa ta tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa yin azahar a ƙarƙashin rumfar kwano a watan Afrilu ya san darajar wannan.

Na Gando a Burkina Faso kuwa, labarin yaro ne. Francis Kere ɗan maigari ne da aka tura makaranta yana ɗan shekara 7, ya yi karatu a ajin bulon siminti mai zafi da duhu, ya koyi kafinta, ya samu tallafin zuwa Jamus. Zafin wannan aji bai bar ransa ba. Tun yana ɗalibi ya tara gudummawa ya dawo ya gina wa ƙauyensu firamare, aka gama a 2001, mutanen gari suka yi aikin da hannunsu, har yara suna tara duwatsun harsashi. Dabararsa mai sauƙi ce: silin na bulon ƙasa, sannan a ɗaga rufin kwano sama da shi a bar sarari, iska mai zafi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta taga. Ya ci kyautar Aga Khan a 2004, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. Da an tambayi Kere yana aji uku me ke damun ajinsu, da ya faɗa. Ba a tambaye shi ba, sai da ya je Jamus ya dawo.

Amma kada a ɗauka duk abin da ya yi kyau a Tawa zai yi a Fau. Fitaccen masanin nan na Masar, Hassan Fathy, ya ɗauko dabarar maginan Nuba ta yin rufin baka da bulon ƙasa ba itace ba katako, ya gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor daga wajajen 1946. Gini ya yi kyau, amma yawancin mutanen da aka yi dominsu suka ƙi tarewa, domin hukuma ce ta yanke shawarar tashinsu ba su ba. Wannan dabara ta Nuba ta shigo Nijar tun 1980 da sunan gini ba icce, an kuma horar da magina da dama a kanta. To amma rufin baka yana da nauyi kuma yana tura bango waje, a kan lakar da ke kumbura da tsukewa sai an yi taka-tsantsan sosai da harsashi, in ba haka ba a jawo wa mutane bala'i. A Nijeriya ma muna da namu darasin. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka raba wa ƙananan sakandare, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malami.

Aji marar inji

Irin ajin da muke nufi ba ya bukatar inji. Kwali, igiya, tef na awo, fensir, kwalba da laka sun isa a fara. A zuba ƙasa a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, yashi zai fara kwantawa, laka ta zo ƙarshe, yaro ya auna da idonsa ya san ƙasar unguwarsu. A cika gwangwani da jiƙaƙƙiyar laka a shanya, bayan mako a ga yadda ta janye daga bakin gwangwanin, ba sai an sake yi masa bayanin abin da ke tsaga shagon babansa ba. Daga nan a nuna masa maganin: harsashi ya nutse ƙasa da inda danshi ke canzawa, a ɗaure bango da ɗamarar kankare da rodi, a kori ruwan rufi nesa da gindin gini, kada a dasa bishiya mai shan ruwa a jikin bango. A kafa sanda a tsakar makaranta a bi inuwarta daga safe zuwa la'asar, yara su gane da kansu dalilin da ya sa doguwar fuskar aji take kallon arewa da kudu, ba gabas da yamma ba. Fau kusan a layi ɗaya yake da Maraɗi da Tawa, saboda haka ranar da ke dukansu ita ke dukanmu.

Sannan a ba su aiki na gaske, su auna ajinsu su zana shi, santimita 1 a takarda ta tsaya a madadin mita 1. Aji mai mita 7 da mita 9 murabba'in mita 63 ke nan, idan yara 60 ne a ciki kowa ya san rabonsa, kuma lissafin da yake gudu a allo ya zama abin da ya shafe shi.

Batun wanda zai zauna a ajin shi ne ya fi muhimmanci a wurinmu. Yaron da shan inna ta naƙasa shi ne zai gaya wa sauran cewa matakala uku a ƙofar aji daidai take da katanga, daga nan su koyi ƙa'idar da ake bi a duniya, cewa duk hawan santimita 1 yana son shimfiɗar santimita 12, kuma ƙofa ta kai faɗin santimita 90 domin keken guragu ya shige. Makaho zai faɗi inda kwata ke buɗe. 'Yan mata za su faɗi dalilin da ya sa ba sa shiga banɗakin da ƙofarsa ke kallon filin ƙwallo, abin da kan sa wasu su daina zuwa makaranta da zarar sun fara girma, kuma ba za su faɗa a gaban maza ba sai an ware musu zama da malama. Almajirin halwa, wato tsangayar Sudan, wanda hannunsa ya saba da tawada da zayyana, sau da yawa ya fi ɗan boko iya jan layi. Yaron da ya yi shekara yana kwana a aji bayan an gudo da shi daga Wad Madani kuwa, ya san abin da ake nufi da rashin sirri fiye da duk wani injiniya. Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutanen Sudan kuma suna da nafir, wanda shi ne gayyarmu, don haka ba sai an yi wa iyaye dogon bayani ba.

Muna sane da cewa wani zai ce yaran da ba su da allo da abinci ne za a koya wa zane? Magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma ajin nan dole a gina shi ko a gyara shi ko ta yaya, kuɗin kuma dole a kashe. Abin da muke cewa kawai a ƙara 'yan makonni a gaba, a bar yara da malamansu da wani tsohon magini na gari su auna, su zana, su yi samfuri da kwali, kafin ɗan kwangila ya sauke yashi.

A nan ne 'yan kasuwa suke da ta cewa, domin kwano da ƙusa da katako da siminti ta hannunku suke bi, ko a Galabat da Matama ne a kan iyakar Habasha, ko a Jibiya da Ƙonni. Kwalin da ake ƙonawa kullum a bayan shaguna kayan aiki ne. Ƙungiyar kasuwa tana iya biyan wani magini ladan yini guda a mako ya je makaranta, wanda bai kai kuɗin abincin taro ɗaya ba. Ta fi haka ma, tana iya miƙa wa 'yan sakandaren garin wata matsala tata: layin rumfunan masu kayan miya da ruwa ke ci duk damina, ko hanyar da motar kashe gobara ba ta iya shiga saboda kowa ya ƙara taku biyu a gaban shagonsa. 'Yan Sabon Gari a Kano sun ga abin da gobarar watan Maris na 2016 ta yi wa dukiyarsu. A ba yaran wata guda, su zagaya su tambayi mai tumatir da mai nama da ɗan dako da mai tallan abinci, su kawo zane biyu ko uku ranar kasuwa, a baje a gaban Sarkin Kasuwa da dattawa, a yi gardama a zaɓi ɗaya, a fara da rumfa guda kafin ruwa ya sauka a watan Yuni.